A Gindin Tudun Ampang Muka Tsaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata ce, gab da azahar. Ina tsaye a danja a layi na 116 cikin unguwar Harlem a New York, ƙafa ɗaya a kan feda ɗaya a ƙasa, da abincin mutane biyu a jakar bayana, sai waya ta yi ruri a aljihu. Na ɗauka oda ce ta shigo. Da na duba sai na ga sunan Isuhu, mutumin Maraɗi da muke ɗaki ɗaya. Isuhu ba ya kiran mutum a lokacin aiki. Ina ɗagawa ya ce da Hausarsu ta Nijar, mai kiran keke velo, "Sabi'u, kana bisa velo? Sauka tukuna." Na ce masa ina jin sa. Ya ce, "Na ce ka sauka." Na ja keken zuwa gefen titi. Ya ce, "Baba Haruna ya cika. Yanzun nan, bisa kujerar wankin ƙoda."

Danja ta ba da hannu, motoci suka wuce, ta sake tsayar da su, ina nan inda nake. Daga baya na hau keken na kai wa mutanen nan biyu abincinsu, na farko a hawa na huɗu, ta biyu a wani shagon gyaran gashi. Wasu sun ji haka sun yi mamaki. To, marigayin ne ya koya mana. Yakan ce, "Abin da ke bayanka ba kaya ba ne, yunwar wani ce. Ka sauke ta, sannan ka ji da taka."

Waɗanda suka san Malam Haruna Mangu a wannan gari sun san shi ne a matsayin mai gyaran keke. Duk mai aikin kai abinci daga Morrisania zuwa Harlem, ɗan Nijeriya ne, ɗan Nijar ne, ɗan Gana ne, har da mutanen Meziko da ba mu jin yaren juna, ya taɓa sauka matakala tara ɗin nan zuwa ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa. Ɗakin yana jikin tukunyar da ke ɗumama benen. Taga ɗaya gare shi, tsawonta bai kai kamu biyu ba, kuma daidai take da daɓen da mutane ke takawa a waje. Ba a ganin sama ta cikinta. Takalma ake gani, da tayoyi, da ƙafafun karnuka. A nan yake aiki, a nan yake kwana, shekara ashirin da huɗu.

Ni sati na uku da zuwana na san shi. Sarƙar kekena ta tsinke, wani ya nuna mini ƙofar. Na tarar da dattijo siriri, mai gajeren farin gemu, yana zaune a kan bokitin fenti da ya kifa. Bai dubi sarƙar ba. Ya matsa birkin gaba, ya matsa na baya, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kana da uwa a raye?" Na ce ina da ita, a Haɗeja. Ya ce, "To don me kake yawo da wannan birkin?" Ya gyara birkin, sannan ya haɗa sarƙar. Da na sa hannu a aljihu ya ce in bari sai na yi wata uku a gari. Haka yake yi wa kowane sabon zuwa. Abu ɗaya ne ba ya yi ko za a mutu: ba ya taɓa keken da ya ga alamar an yanke masa kwaɗo. Zai dubi wurin da fenti ya goge, ya dubi wanda ya kawo, ya ce, "Mai wannan keken yana can yana tafiya a ƙasa. Mayar masa." An zage shi a kan haka ba sau ɗaya ba. Bai taɓa ramawa ba, bai kuma taɓa gyarawa ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai game da shi gaisuwarsa ce. A watan da dusar ƙanƙara ta rufe tagarsa har ɗakin ya yi duhu da rana, na sauko ina rawar ɗari, yatsuna ba sa lanƙwasuwa, sai ya ce mini, "Sabi'u, ina zafi?" Na zaci zolaya ce. Ashe ba zolaya ba ce. Baba Haruna bai taɓa yin gaisuwa da yanayin New York ba. Da yanayin gida yake gaisawa. Idan bazara ce a Mangu, to ina zafi. Idan damina ce, yaya ruwa, ko da a nan rana na narka kwalta. Hajiya Ramatu, 'yar Kumasi mai gidan abinci a bakin layin, wadda ta ciyar da shi fiye da shekara goma sha biyar, takan tsokane shi ta ce, "Mutumin Filato, jiki dai ya zo Amerika, kai ya maƙale a iyafot." Shi kuma ya ce, "Hajiya, kan ya fi jikin wayo ne."

Kafin ya zo ƙasar nan, gyaran fitila da risho yake yi. Ba shi da rumfa. Kekensa ne rumfarsa: akwatin kayan aiki a kariya, ɗaurin lagwani da kwalaben fitila nannaɗe cikin tsumma a gaba, tabarma da bargo a sama. Yakan fita daga Mangu ya bi Panyam, ya hau Kerang, ya wuce Ampang, ya zagaya ta Bokkos ya dawo gida, sati guda cur, yana kwana inda dare ya yi masa. Shekara goma sha huɗu yana wannan zagaye. Ya taɓa gaya mini gaskiya cewa gyaran fitilar hujja ce kawai da yake ba mahaifinsa. Tafiyar yake so.

Ni ɗan fadama ne, ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai. Ban taɓa ganin irin ƙasar da yake faɗa ba, amma yau ko ido rufe zan zana ta. Ya ce tsaunukan wurin ba irin duwatsun da muka sani ba ne. Kowanne tsaye yake shi kaɗai a tsakiyar gonaki kamar an kifa ƙwarya, kansa kuma a lotse, domin a zamanin da ba wanda ya gani wuta suka yi ta amai har suka gaji suka mutu. Duwatsun da suka zubar baƙaƙe ne, masu huji-huji kamar soso, suna yanka taya kamar reza. Amma ƙasar da ke gindinsu, in ji shi, ko sanda ka soka sai ta yi ganye.

Kowane lokaci na shekara da yadda hanyar take karɓar mai keke. Da damina jar laka takan cika tsakanin taya da madigadi har wili ya ƙi juyawa, sai ka sauka ka nemi tsinke ka yi ta ƙwaƙula. Gajimare yakan sauko ya kwanta a kan hanya, ka ji muryar mata a gonar dankali ba ka ganin su. Wata rana ƙanƙara ta kama shi a fili tsakanin Panyam da Kerang, ba bishiya ba bukka, ya kifa akwatin kayan aiki a kansa ya tsuguna, yana jin kwalaben fitilarsa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa da ba ta jin Hausa sosai ta fito daga shingen ƙyarana ta ja shi zuwa ɗakinta, ta gasa masa masara, ta shanya rigarsa. Shekara tara bayan haka bai taɓa wuce ƙofarta bai sauka ya duba fitilarta ba. Da kaka hanya takan cika da ƙanshin acca da ake sussuka, kowane gida a tsayar da kai a ba ka abin taɓawa, har keken ya fi nauyi a dawowa. Da sanyi sai ya sa safa a hannu, raɓa ta daskare a kan sirdi da asuba. Da bazara ciyawa ta ƙone, tsaunukan su fito tsirara baƙi ƙirin, kana ganin hanyar da za ka bi gobe tun yau.

A kusa da Ampang akwai wani tsauni da ruwa ya taru a cikin bakinsa ya zama tafki. Ba ka ganin ruwan sai ka kai can ƙoli, sai kawai ka gan shi a ƙarƙashinka, shiru, kore, ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Ya ce duk zagayen da ya yi sai ya ratse ya hau, ko da ba fitila ko ɗaya a can. Yana zama ya ci ƙuli-ƙulinsa, ya yi salla, ya sauko. Idan ya zo nan a labari yakan ɗauki sifana ya ci gaba da aiki.

Ya zo Amerika da niyyar shekara biyu. Ya bar matarsa Inna Talatu da 'yarsu Hauwa tana shekara uku. Bizarsa ta ƙare, ya zauna, kamar yadda da yawanmu muka zauna. Wanda bai san wannan zama ba yana ganin ai ƙofa a buɗe take. A buɗe take, amma ta fita ce kaɗai. Ka fita, ba ka dawowa. Saboda haka kullum sai ka ce bari in ƙara shekara ɗaya in kammala ginin, bari yarinya ta gama makaranta, bari a ga abin da sabuwar gwamnati za ta yi. Baba Haruna bai taɓa fita daga cikin birnin nan ba. Ba ya hawa motar da ke zuwa wata jiha, don an ce ana tsayar da su a duba takardu. Mutumin da ya saba cin mil talatin kafin azahar, ya zama iyakarsa masallaci, gidan abincin Hajiya, da shagon da yake sayen faci da giris.

Sau ɗaya na ga ya yi nisa. Wata Lahadi ya ce in zo da kekena, an gaya masa akwai tudu a Staten Island. Muka shiga jirgin ruwa da kekunanmu, muka sauka, muka bi ta Tompkinsville, muka sami wani layi da ya miƙe sama. Ina haki ina zage-zage a raina, dattijon nan da ya isa ya haife ni ya wuce ni a zaune, ko tashi daga sirdi bai yi ba. Da na iso ƙoli na tarar da shi yana dube-dube. Gidaje ne ta ko'ina, da motoci a fake, da wani mutum yana wanke tasa. Na ce, "Baba, yaya ka ga tudun?" Ya ce, "Tudu ne. Sai dai ba shi da baya." Bai sake zuwa ba.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ce ni zan rubuta wannan, ba wani da ya fi ni karatu ba.

A shekararsa ta goma sha tara a nan, Baba Haruna ya yanke shawarar komawa gida. Ba magana ce ta baki ba irin wadda dukanmu muke yi. Ya je ofishin jakadanci ya karɓi takardar tafiya. Ya raba kayan aikinsa. Ya yi wata huɗu yana haɗa wani keke da hannunsa, baƙi, mai faɗin taya saboda duwatsun nan masu huji, ya kwance shi ya shirya a cikin kwali, ya naɗe da salatif, ya rubuta MANGU da manyan baƙaƙe a kowane gefe. Ya ce yana so ya isa kafin ruwan farko.

A shekarar ce kuma aka yi ta raɗe-raɗin cewa za a yi doka a ba irinmu takarda. Ko'ina maganar ke nan, a masallaci, a wurin aski, a rediyon direbobin tasi. Kowa ya ce masa ya jira. Amma kowa ya faɗa ne sau ɗaya ya wuce. Ni ne na zauna a kansa. Kullum in na sauko sai na ce, "Baba, ka yi shekara goma sha tara, wata shida ne zai gagare ka? Ka karɓi takardarka, ka je ka dawo yadda kake so, ka kawo Hauwa ta yi karatu." Na kawo masa jarida ban iya karanta ta sosai ba, na nuna masa hoto. Na kawo masa wani ɗan Gana da ya ce lauyansa ya tabbatar masa. Abin da ban gaya masa ba, ban ma gaya wa kaina ba a lokacin, shi ne ba na so in sauko matakalar nan in tarar da wani a kan bokitin. A duk garin nan shi kaɗai ne yake tambayata ko na kira uwata.

Wata rana da la'asar na shigo na tarar ya yanka salatif ɗin, yana ciro wilin gaba. Ya ce, "To, Sabi'u, mu ga wata shidan naka."

Dokar ba ta zo ba. Wata shida ya zama shekara. Kafin shekara ta biyu ta cika ƙafafunsa suka fara kumbura, ya faɗi a bakin masallaci, aka kai shi asibiti aka ce ƙodojinsa duka biyu sun daina aiki. Daga nan sai wankin ƙoda, Talata da Alhamis da Asabar, awa huɗu a kan kujera da allurai biyu a hannu. Ya tambayi likita ko zai iya tafiya gida. Likitan ya tambaye shi ko akwai injin a garinsu. Babu. Sai Jos, kuma ba mai iya ɗaukar nauyinsa sau uku a sati har abada. Likitan ya ce idan ya daina, sati biyu ne, ko uku. Da, takarda ce ta tsare shi. Yanzu ko an ba shi takardar, igiyarsa ba ta wuce kwana biyu.

Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abin da ya yi shi ne, ya haɗa baƙin keken nan, ya ƙera masa wata ƙafa ta ƙarfe da ke ɗage wilin baya daga ƙasa, ya kafa shi a ƙarƙashin tagar. Ranakun da ba wanki, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da oda ke ja baya, yakan hau ya yi tafiyarsa. Ba wasa yake ba. Daga ƙofar gidansu a Mangu yake farawa, kuma ba ya tsallake ko kwana ɗaya ta hanya. Idan ya zo hawa sai ya ɗaure birkin baya da wata igiyar roba don feda ta yi nauyi. Idan gangara ce ya saki. Yana tafe yana faɗin abin da ke gefen hanya, yana gaida mutanen da wataƙila sun daɗe da mutuwa. Inda ya gaji ya tsaya, ya ce, "A nan za mu kwana," ya sa alli ya rubuta sunan wurin a bango. Jibi daga nan zai tashi. Zagayen da yake yi a sati ɗaya yana saurayi, yanzu wata biyu yake ɗaukar masa. Kuma da yanayin gida yake tafiya. Idan damina ce a can, sai ya sauka a tsakiyar ɗaki ya ce laka ta kama wili, ya huta.

Isuhu ya taɓa leƙowa ya gan shi yana gumi, takalman mutane na wucewa a saman kansa, ya ce, "Baba, wannan velo naka ko kwabo ba ya sha na esansi, fetur ɗinku ke nan, amma kuma ba ya zuwa ko'ina." Baba ya ce, "Kai da naka ke zuwa ko'ina, ina ka je?" Isuhu ya yi dariya, daga baya dariyar ta tsaya.

A wannan ɗakin aka ɗaura auren Hauwa, ta waya. Ya sa babbar riga, ya zauna a kan bokitinsa, muka jingina wayar a jikin famfon keke, ya ji ƙaninsa ya ba da 'yarsa a madadinsa. Hajiya Ramatu ta kawo shinkafa da wake da kaza ta ce ba za a yi auren 'yar mutumin Filato da yunwa ba. Bayan biki Hauwa ta sa mijinta ya ɗauke ta a babur suka ɗauko masa bidiyon hanyar Panyam don ta faranta masa. Ya kalla sau ɗaya. An zuba kwalta a wani wurin, an yi gidajen kwano inda ya san gonaki, ba keke ko ɗaya sai babura. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Ka ce mata na gode, Allah ya yi mata albarka." Ya hau kekensa ya ci gaba da bin tsohuwar hanyar.

A shekarar ƙarshe ƙarfinsa ya ƙare. Sai ya ce ni in hau. Shi yana zaune a kan bokiti kusa da wilin baya, igiyar birkin a hannunsa. Yakan ce, "Ga gada nan, rage gudu, katakon tsakiya ya ruɓe." Ko ya ja igiyar har cinyoyina su ɗauki wuta, ya ce, "Hawan Kerang ke nan, kada ka tashi tsaye tun yanzu, za ka buƙaci tsayuwar a gaba." Idan na yi gaggawa ya ce, "Ɗan fadama, tudu ba a faɗa da shi. Lallaɓa shi ake yi." Haka na bi hanyar nan sau huɗu, damina da kaka da sanyi da bazara, ban taɓa ganin ta ba. Ƙafafuna sun san ta fiye da yadda suka san hanyar gidanmu.

A kan keken nan na roƙe shi gafara. Na fi shekara uku ina juya maganar a ciki. Ranar muna tsakanin Bokkos da gida, gangara ce, ɗakin shiru sai ƙarar wili. Na ce, "Baba, ni na hana ka tafiya."  Ya ce, "Kai ka ce in jira. Amma wuƙar da ta yanka kwalin a hannuna take. Ni ma tsoro nake ji, Sabi'u. Na ji tsoron in je yarinyar ta kira ni baƙo. Ka ba ni inda zan ɓuya ne kawai." Na ce duk da haka ya yafe mini. Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Sannan ya ce, "Shekararka nawa yanzu a nan?" Na ce bakwai. Ya ce, "Da niyyar nawa ka zo?" Na ce biyu. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Taka feda, magariba na zuwa." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, ranar ko bayanta.

Ranar Litinin, jajibirin rasuwarsa, mun iso Ampang. Na ce masa mu hau tafkin yau, ina da ƙarfi. Ya ce a'a, hannunsa ba zai iya riƙe igiyar yadda hawan yake buƙata ba, kuma ba zai ba ni hawan ƙarya ba. Ya ce, "A nan za mu kwana. Laraba mu hau da sanyin safiya." Ya ba ni allin na rubuta a bango. Rubutun yana nan har yanzu.

An yi shawarar kai shi gida, amma ya riga ya bar wasiyya wurin liman cewa inda ya faɗi a nan za a rufe shi, kada a wahalar da kowa. Aka yi masa salla a masallacinmu, masu kai abinci suka jera kekuna har suka toshe layin, har da mutanen Meziko suna tsaye a waje da hulunansu a hannu. Maƙabartar tana New Jersey. Da motar ta hau gada na tuna cewa wannan ne karo na farko da Baba Haruna ya ƙetare kogin nan. Ni ma haka. Wurin shimfiɗe yake, ba tudu ko na tururuwa, iska mai sanyi tana kaɗa mu.

Bayan an rufe shi na kira Inna Talatu, kamar yadda Hauwa ta roƙa, don ta ji an gama. Matar da ta yi shekara ashirin da huɗu tana jira ba ta yi kuka a wayar ba. Ta yi mana godiya ɗaya bayan ɗaya. Ina jin wata ƙara a bayanta kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Ta ce, "Ruwan farko ne, ɗana. Tun azahar yake zuba." Da mutane suka juya zuwa mota na koma bakin kabarin na tsuguna na ce, "Baba, yaya ruwa?"

Na kwance baƙin keken. Kwalin yana nan a bayan tukunyar ɗumama gida inda ya ajiye shi, da MANGU a kowane gefe. Na shirya shi ciki na naɗe da sabon salatif. Na karɓi takardar tafiya, na yanki tikiti na zuwa kaɗai. Zan fara zuwa Haɗeja in ga uwata, sannan in kai wa Inna Talatu keken mijinta, in roƙe ta aron sa na sati ɗaya. Akwai hawan da ya rage mana.

Tun da maganar ta fita ake zuwa mini. An ce in jira, zaɓe na tafe, abubuwa za su canja. An ce gida ba aiki, an ce waɗanda suka koma suna nadama, kuma na san ba ƙarya ake yi ba. Wasu ranakun nakan zauna in yi ta kallon kwalin. Shi ya sa na kwashe wuƙaƙen da ke ɗakin da reza da almakashi na kai wa Hajiya Ramatu. Ta zuba su a ƙarƙashin kantar gidan abincinta, ta ce, "Ɗana, ko ka zo kana kuka ba na ba ka." Saura kwana tara.

Ya Allah, ga bawanka Haruna ɗan Mangu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka sa ciwon da ya sha da haƙurin da ya yi su zama kaffara a gare shi. Ya zauna a ƙuntataccen ɗaki bai yi maka ƙorafi ba, ya Allah ka yalwata masa kabarinsa iyakar ganinsa, ka buɗe masa taga zuwa Aljanna. Ka ba Inna Talatu ladan jiran da ta yi, ka sanyaya zuciyarta. Ka raya Hauwa da zuriyarta a kan alheri, ka haɗa ta da mahaifinta a inda ba a rabuwa. Ka saka wa Hajiya Ramatu da duk wanda ya taɓa sauka matakalar nan don ya gaishe shi. 'Yan'uwanmu da ke zaune a garin nan suna cewa saura shekara ɗaya, ya Allah ka san halin kowa, ka buɗe musu hanya, ka sada su da iyayensu da 'ya'yansu tun suna iya gane juna. Mu kuma idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.